Inji na Biyu: Nazari kan Sauya Mai Zana Shafi a Manhajojin Karanta Takardu

Duk wanda ya saka manhajar Zathura ita kaɗai a kwamfutarsa, ya ce ta buɗe masa fayil ɗin PDF, ba abin da zai gani sai baƙin allo. Ba lalacewa ta yi ba, haka aka gina ta. Moritz Lipp da Sebastian Ramacher, waɗanda suka raine ta tun wajajen 2009, sun bar mata aikin taga da maɓallai da juya shafi da tuna inda mai karatu ya tsaya, amma sanin abin da ke cikin takarda sai an jona mata wata ƙaramar manhaja daga waje. Ita ce zan riƙa kira ɗan jone. Akwai na DjVu, akwai na PostScript, akwai na littattafan zane. PDF kuwa guda biyu gare shi: ɗaya yana aiki da Poppler, ɗaya da MuPDF. Wannan na biyun, da ire-irensa da aka gwada rubutawa don manhajojin Okular da qpdfview, shi ne abin da nake so in duba. Me ke sa mutum ya zauna ya rubuta sabon ɗan jone don takardar da tuni tana buɗuwa?

Amsar tana cikin yadda PDF yake. Ba hoto ba ne. Jerin umarni ne: ɗauko zubin haruffa kaza, tsaya a wuri kaza, ɗora waɗannan baƙaƙe, ja layi daga nan zuwa can, cike shi da launi kaza. Kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993, a 2008 kuma ya zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO 32000-1, kundi mai shafi sama da 700. Dole wani abu ya karanta waɗannan umarni ya mayar da su ɗigo-ɗigon launi a kan allo, kuma wannan abin shi ake kira inji. Injinan da kowa ke da damar duba cikinsu ba su da yawa. Derek Noonburg ya rubuta Xpdf a 1995. A 2005 Kristian Høgsberg ya ɓallo Poppler daga jikinsa, don manhajojin Linux su daina kwafar Xpdf kowace a cikin aljihunta, su taru a kan ɗakin karatu guda. Evince na GNOME da Okular na KDE duk a kansa suka dogara. Tor Andersson ya fara MuPDF a 2002, yanzu yana hannun kamfanin Artifex, masu Ghostscript. Mozilla ta fito da PDF.js a 2011, Google da Foxit suka buɗe PDFium a 2014. Kusan duk labarin ke nan.

In ka tambayi mai rubuta ɗan jone na biyu dalilinsa, yawanci zai ce sauri. MuPDF ƙarami ne, ba ya jan ƙafa a tsohuwar kwamfuta, kuma an san shi da tsabtar gefen haruffa. Wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibin da ke jan littafi mai shafi 900 a kan injin da ya sha jiki. Amma a ganina sauri shi ne mafi raunin hujjojin wannan aiki, don injin da ya yi zarra a takarda mai rubutu zalla yana iya durƙushewa a taswira mai layuka dubbai, wancan kuma ya wuce shi. Babbar fa'idar inji na biyu ita ce shaida. Alƙali ba ya jin daɗin yanke hukunci da bakin mutum ɗaya. Haka ma shafin da inji ɗaya kawai ya taɓa zanawa, ba wanda zai iya rantsewa cewa abin da ya fito shi ne abin da takardar ta ce. In hoto ya ɓace, ko inuwa ta fito baƙi ƙirin, laifin na fayil ne, ko na inji, ko na manhajar da ke riƙe da injin? Ranar da aka samu inji biyu a cikin taga guda, tambayar ta samu hanyar amsa. Su biyun suka yi kuskure iri ɗaya, sai a tuhumi fayil ko ita manhajar. Suka saɓa, sai a koma kundin ƙa'ida a ga wa ya kauce.

Mu masu rubutu da Hausa muna da misali a hannu. Kafin Unicode ya zauna da gindinsa, an ƙera zubin haruffan da suka ɗora baƙaƙenmu masu lanƙwasa a kan maɓallan wasu alamomi, har mutum ya buga alamar baka ya ga ƙ ta fito. Takardu da yawa an mayar da su PDF a haka. In an cusa zubin a cikin fayil, shafi zai fito tsaf, kowace ƙ da ɗ da ɓ a mazauninta. Amma nemi kalmar «ƙasa» a ciki, manhaja za ta ce babu. Kwafo layin ka liƙa a wani wuri, sai ka ga «}asa» da «]aya». Mai karatu zai zargi manhaja, wataƙila har ya kai ƙara wurin masu ita. Jona inji na biyu, ka ga shi ma abin da ya bayar ke nan, nan take ka san cewa cutar tana cikin takardar: siffar harafi daban, sunan da aka rubuta masa a ciki daban. In kuwa ba a cusa zubin ba, a nan ne injinan ke rabuwa, don kowa da yadda yake neman madadi. Poppler a Linux yana tambayar tsarin kwamfutar abin da take da shi, MuPDF kuma yana tafe da nasa guzurin haruffa a jikinsa. Shi ya sa takarda ɗaya ke iya fitowa da fuska biyu.

Wanda bai taɓa leƙa irin wannan aiki ba yana zaton zana shafi shi ne wahalarsa. A'a, shi ne ɓangaren da ke zuwa da wuri. Manhaja tana miƙa wa ɗan jone buƙata: ga shafi na kaza, ga faɗi, ga tsawo, cike min. Ɗan jone ya kira inji, inji ya zuba launuka. Kuskuren farko da kusan kowa ke gamuwa da shi ma abin murmushi ne, jan kanun labari ya fito shuɗi, saboda inji ya jera launukan kowane ɗigo ja, kore, shuɗi, ita kuwa manhajar tana jiran su a juye. Gyaran layi ɗaya ne. Daga nan sai a ɗauki hoton allo a nuna wa jama'a, a ce ga shi yana aiki.

Aikin gaske yana bayan hoton. PDF yana auna shafi daga kusurwar hagu ta ƙasa, yana hawa sama, da ma'aunin da 72 daga cikinsa ke yin inci ɗaya. Takardar A4 tana kamawa 595 a faɗi, 842 a tsawo. Allo kuwa daga kusurwar hagu ta sama yake farawa, yana gangarowa. Wasu hanyoyin Poppler suna ba da wurin kalma da lissafin PDF, MuPDF yana bayarwa a riga an juya, Okular kuma ba ya son ko ɗaya, shi a wurinsa kowane wuri a shafi adadi ne tsakanin 0 da 1. To, mai ɗan jone ya kwaikwayi yadda na farko ya yi ba tare da lura ba, sai ya juya abin da an riga an juya. Mai karatu ya nemi kalma da ke layin farko, launin rawaya ya haskaka wani fili a can ƙasan shafi. A gyara wannan, sai a ci karo da shafin da aka umarta ya kwanta a gefe, ko wanda aka datse masa gefuna, duk lissafin ya sake zamewa. Bayan nan ga zaɓen rubutu da linzami a shafi mai ginshiƙi biyu, inda dole inji ya yi hasashen wane layi ke bin wane, don fayil ɗin ba lallai ya faɗa ba. Ga rubutun Larabci da ajami mai tafiya daga dama. Ga mahaɗan da ke kai mutum wani shafi, ga jerin babi-babi a gefe, ga kalmar sirri, ga bugawa a firinta. Ga fom da ake cikewa, da sharhin da mai karatu ke rubutawa a gefe, wanda dole a adana shi cikin fayil ba tare da an ɓata sauran ba. Okular ma sai a 2021 ya samu damar sanya hannu na lantarki a takarda, ta hanyar Poppler, bayan doguwar wahala. Ɗan jonen da bai iya waɗannan ba, mai karatu zai yaba saurinsa mako guda, ranar da ya buƙaci cike fom ya cire shi.

A nan ne kuma wannan aiki ke yin wani amfani da ba a cika faɗa ba. Masu manhaja suna iya rantsuwa cewa ƙofar da suka buɗe wa 'yan jone ba ta fifita kowane inji. Amma ƙofar da inji ɗaya kaɗai ya taɓa bi, da siffarsa ake sassaƙa ta, ko ba a yi niyya ba. Sai na biyu ya zo ake gane inda aka ɗauka cewa kowa yana lissafi irin na Poppler, ko yana ba da rahoton kuskure irin nasa. MuPDF da harshen C aka rubuta shi, yana da tasa hanyar tsalle daga wurin da matsala ta auku, wadda ba ta jituwa da yadda C++ ke share bayansa sai an yi taka-tsantsan. Yana kuma so kowane zaren aiki ya riƙe nasa mahallin. Duk inda ɗan jone na biyu ya yi tuntuɓe, ya nuna wa masu gida wani lungu da ke buƙatar gyara, kuma gyaran yana amfanar har wanda ba zai taɓa barin Poppler ba.

Sai maganar tsaro, wadda ita ce ta fi tayar min da hankali. A 2021 masu bincike na Citizen Lab a Kanada suka gano harin da aka kira FORCEDENTRY, wanda aka danganta da kamfanin NSO. Saƙo ne aka riƙa turawa wayar iPhone da kamannin hoto mai motsi, alhali PDF ne, yana ɗauke da hoto mai matsi irin na JBIG2 da aka ƙera don ya rikita lissafin mai karanta shi. Ɓangaren da aka karya ɗin daga Xpdf ya samo asali. A 2022 aka tabbatar da irin wannan rauni a Poppler aka toshe, don jini ɗaya ne. MuPDF da wani ɗakin karatu dabam, jbig2dec, yake warware JBIG2. Ba ina nufin shi tsarkakakke ne ba, yana da nasa tarihin ramuka. Abin lura shi ne ramukan ba wuri ɗaya suke ba. Ɗan jarida ko lauyan da sana'arsa ita ce buɗe takardun da baƙi suka aiko, samun damar sauya inji cikin minti biyu a ranar da aka sanar da rauni ba ado ba ne a wurinsa.

Lasisi ma yana da ta cewa. Poppler yana ƙarƙashin GPL. MuPDF yana ƙarƙashin AGPL, mai ƙarin sharaɗi ga wanda ke ba jama'a hidima da manhajar ta intanet, ko kuma a sayi lasisin kasuwanci daga Artifex, kamfanin da ba ya wasa da haƙƙinsa: ya kai kamfanin Palm kotu a 2009 a kan MuPDF. Akwai ma'aikatun da ba sa barin AGPL ya shiga injinansu sam. Raba inji da manhaja ta hanyar ɗan jone yana barin Zathura ta zauna da nata sassauƙan lasisi, zaɓi ya koma hannun mai sakawa.

Duk da haka yawancin irin waɗannan ayyuka ba sa daɗewa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗan jone yana zaune tsakanin abubuwa biyu masu motsi, ba ya iko da ko ɗaya. MuPDF ya shahara da sauya sunaye da tsarin kiran ayyukansa daga fitowa zuwa fitowa, ita ma manhajar tana sauya ƙofarta, kamar lokacin da KDE ta ƙaura daga Qt 4 zuwa 5, sannan zuwa 6. Mutum ɗaya ne yawanci ke riƙe da abin a lokacin hutunsa. Ya samu sabon aiki ko ya yi iyali, wata shida ba a taɓa ba, sai ya ƙi haɗuwa da sabon inji, masu rarraba Linux su sauke shi daga rumbunsu. Ban ga laifin kowa a nan ba, kuma ban yarda da masu cewa ɓata ƙarfi ne da ya kamata a zuba wa Poppler ba. Wanda ya rubuta ɗan jonen ba lallai ne da ya je ya gyara Poppler ba, wata sana'a ce dabam. Abin da na lura da shi shi ne bambancin makoma. A Okular, Poppler ne ɗan gida, gwaje-gwajen MuPDF kuwa a waje suka zauna, hannun masu sha'awa. A Zathura, 'yan jonen biyu duk ƙarƙashin rufin masu manhajar suke, in an taɓa ƙofa dole a gyara su tare, shi ya sa har yau mai saka ta a Arch Linux yake tarar da su biyun a jere ya zaɓa.

Saboda haka in wani matashi mai rubuta manhaja ya zo min da niyyar irin wannan aiki, ba zan tambaye shi daƙiƙa nawa injinsa ke ragewa ba. Zan tambaye shi ko ya tara munanan fayiloli: wanda aka katse saukarsa har teburin da ke ƙarshensa ya ɓace, wanda aka ɗauko da na'urar hoto a karkace, mai kalmar sirri, mai fom, mai ajami, mai tsohon zubin Hausa. Zan tambaye shi ko ya tsara yadda kwamfuta za ta zana su da injinan biyu ta kwatanta da kanta duk lokacin da wani abu ya sauya. Sannan ko ya yi magana da masu manhajar tun kafin ya rubuta layin farko, ya ji ko za su karɓi ɗan jonen cikin gidansu, ko kuwa shi kaɗai zai riƙa bin kowace sabuwar fitowa ta MuPDF yana ɗinke abin da ta yaga.