Dokin Iska: Inda Ma'aunin Adon Harshe Yake Tuntuɓe

Ɗaliban da ke nazarin adabin baka na ƙasar Tasawa da Mayahi sun saba da rabe-raben da Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ta Kano ya shimfiɗa cikin Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa: kamantawa, siffantawa, alamtarwa da jinsintarwa, wadda ta ƙunshi mutuntarwa, dabbantarwa da abuntarwa. Ma'aunin yana aiki. Idan ɗan kokowa na karkarar Korgom ya kira kansa giwa cikin kirari, dabbantarwa ce, don shi da ƴan kallo duk sun san mutum ne, girman giwa kawai ya aro.

Matsalar tana tasowa ne a fagen bori. Namijin da iska ke hawa, doki ake ce masa, mace kuwa goɗiya. Iska takan hau, ta sauka. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta bayyana wannan tsari a littafinta na 1972 kan borin Hausawan yankin Maraɗi. Ɗalibi mai gaggawa sai ya ga doki, ya rubuta dabbantarwa, ya wuce. A ganinmu kuskure ne. Adon harshe yana buƙatar zaɓi: mai magana na da kalma ta yau da kullum, ya ajiye ta, ya ɗauko wata don burgewa. To, wace kalma ɗan bori ya ajiye? Doki shi ne sunan matsayin a bakinsa, kuma ba ya cewa "kamar" ko "tamkar", domin a wurinsa hawan ba kwatanci ba ne. Haka girka, wato bikin shigar da mutum bori, ko da yake kunnen baƙo zai fara jin ɗora tukunya bisa murhu.

A nan nazarin Faransanci na da abin taimako. Tun 1821 Pierre Fontanier ya ware catachrèse, aron da ya zama tilas saboda babu wani suna, daga métaphore ta ganin dama. Irinsa ne bakin kogi da ƙafar tebur. Jerin da muke koyarwa ba shi da gurbin wannan, shi ya sa muke cusa kome cikin jinsintarwa.

Akwai kuma abin da Fontanier ɗin bai hango ba. Malamin da ke wa'azin yaƙi da bori, idan ya ce wance ta zama goɗiya, kalmar ta koma zambo. Don haka muna ba da shawara duk takardar feɗe kirari ta riƙa nuna wanda ya furta kalmar da wanda aka furta wa, kafin a ba ta suna.