Shaihu Umar a Karatu Na Biyu

Akwai littafin da in an karanta shi sau ɗaya an gama da shi, akwai kuma wanda ba ya buɗe cikinsa sai an koma masa bayan furfura ta fara fitowa. Shaihu Umar, wanda Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta domin gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, aka buga shi cikin 1934, yana cikin iri na biyu.

Yaron makaranta abin mamaki ya ke bi: yadda aka sace Umar yana ƙarami, kura ta cinye ɓarawon, aka kai shi Kano, Balarabe Abdulkarim ya ƙetare hamada da shi ya mai da shi ɗa, har ya zama shaihin da almajirai ke taruwa gare shi a Rauta. Ga yaro, labarin ɗaukaka ne kawai.

Amma dattijon da ya sake ɗaukarsa, balle in mutumin Makarfi ne, wurin Makau zai fara tsayawa. Makau, mijin uwar Umar, babban bafade ne a Kagara, sarki na ji da shi. Wannan kusanci shi ya jawo masa hassada, aka ƙulla masa sharri, aka kore shi, ya zo Makarfi ya kafa gida yana jiran iyalinsa. Su ukun nan kuwa ba su taɓa haɗuwa cikin gidan ba. Watau ɗaukakar fada raɓa ce, hantsi na yi ta bushe.

Sa'an nan sai uwar. Sunan ɗan aka sa wa littafin, amma nauyinsa ita ta ɗauka. Ta fita neman ɗanta ita kaɗai, aka yaudare ta, aka sayar da ita baiwa, ta ƙetare hamadar da ɗanta ya bi. Da Allah ya haɗa fuskokinsu, ba ta daɗe ba ta rasu. Ba a samu ƙauna mai ƙarfin wannan ba cikin littattafan gasar nan duka, ga shi kuwa ba da dogon zance aka nuna ta ba, sai da tafiyar ƙafa.

A nan ne kuma aibin littafin ya ke. Shaihu yana ba da labarin cinikin bayi cikin natsuwa, kamar mai zancen damina da rani. An nuna kirkin Abdulkarim sarai, ba a tsaya kan cewa fataucinsa shi ne irin wanda ya cinye uwar yaron da ya ke reno ba. Haƙuri da ƙaddara halin kirki ne, amma bai kamata su rufe bakin tambaya ba.

Mawallafin ya zama Firayim Minista cikin 1957, aka kashe shi cikin Janairun 1966. Wanda ya san wannan ba zai karanta korar Makau yadda ya karanta ta da ƙuruciya ba. Saboda haka duk wanda ya ajiye littafin nan tun yana makaranta, ya kamata ya kakkaɓe ƙurarsa, ya bi sawun uwar wannan karon.