Tsagar Gadon Fitilar Bango: Yadda Ake Gano Maƙerinta da Ƙasarta

Idan aka miƙa wa gogaggen dillalin tsofaffin kaya a Milan ko Paris fitilar bango ta shekarun 1950, abu na farko da zai yi shi ne ya kife ta. Sai ya duba farantin ƙarfen da ke jingina da bango, ya leƙa mazaunin ƙwan lantarki, ya sa farce ya karci kan noti, wani lokaci ma ya ɗora mata mayen ƙarfe ya ga ko za ta kama. Mai kaya na tsaye yana ta yabon ƙyallin tagulla da lanƙwasar wuya, shi kuwa dillali hankalinsa na can lungun da ƙura ta yi shekara sittin tana taruwa.

Yana da dalilinsa. Daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 zuwa wajen 1970, Turai ta duƙufa kan sake gina gidaje da otal-otal da silima, kuma kowane bango yana son fitila. Manyan kamfanoni suka ɗauki masu zane suna fitar da sababbin samfura, ƙananan maƙera kuwa na gefe suna kwaikwayo. Yau samfuri ya fito a mujalla, baɗi an cika kasuwa da ƙannensa. Don haka kama da wane ba wane ba ne, kuma a wannan kasuwa tazarar kuɗi tsakanin fitilar da aka tabbatar da maƙerinta da wadda ake zato kawai takan ninka sau da yawa.

Sunan da ya fi shan wahala a hannun 'yan kasuwa shi ne Stilnovo, kamfanin da Bruno Gatta ya kafa a yankin Milan a 1946. Fitilunsa masu hannun tagulla da hula mai siffar mazurari, fentin ja ko rawaya ko baƙi, sun yi farin jini har sunan ya tashi daga na kamfani ya koma na salo, kamar yadda a wajenmu kowane garin sabulu ya zama Omo. Duk fitilar Italiya mai mazurari da ba a san ubanta ba, sai a liƙa mata Stilnovo a ƙara kuɗi. Masu nazari na gaskiya sukan ja da baya idan sun ji wannan suna ba tare da tambari ba, domin a garin Monza kaɗai akwai Arredoluce na Angelo Lelii, a Milan akwai Arteluce da O-Luce, ga kuma ƙananan masana'antu barkatai da sunayensu suka ɓace tare da masu su.

To daga ina ake farawa? Daga ƙasa ake farawa, kafin a je ga mutum. A da, Bahaushe kan dubi tsagar fuskar baƙo ya ce wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare, tun bai buɗe baki ba. Fitilun Turai ma suna da irin wannan tsaga, wato ƙananan tambura na hukumomin da ke gwada lafiyar kayan lantarki. Harafin D cikin da'ira na Denmark ne, S na Sweden, N na Norway, FI na Finland. VDE na Jamus ne, ÖVE na Ostiriya, KEMA-KEUR na Holand, IMQ na Italiya, UL kuwa na Amurka. Akan same su a jikin makunni ko a gindin mazaunin ƙwai, ƙanana ƙwarai, sai an kawo tabarau mai ƙara girma.

Amma akwai tarko a nan. Tambarin yana ba da shaidar ɗan abin da aka buga shi a kai ne, ba dukan fitilar ba. Jamusawa sun sayar wa Turai kaf da makunnai da mazaunan ƙwai, saboda haka ganin VDE a fitila bai hana ta zama 'yar Italiya ko Ostiriya. Wani lokaci ma akan tarar da tambura huɗu ko biyar a jere a kan makunni ɗaya, alamar an ƙera shi ne don a sayar a ƙasashe da yawa.

Shi kansa mazaunin ƙwan yana magana. Yawancin Turai suna amfani da ƙwai mai zare da ake murzawa, babba E27, ƙarami E14, Amurka kuma tana da nata ma'aunin, E26 da E12. Ingila ta riƙe mai ƙugiya biyu, B22, wanda ake dannawa a ɗan juya, irin wanda Nijeriya ta gada daga Turawan mulki kuma har yau yake rataye a tsofaffin ɗakuna a Kano da Zariya. Faransa ma ta daɗe tana amfani da mai ƙugiyar, shi ya sa fitila mai kama da ta Italiya amma da mazauni mai ƙugiya takan sa a fara karkata zato wajen masana'antun Faransa irin su Lunel da Arlus.

Bayan ƙasa sai shekaru, kuma a nan siyasa da gidan waya sun taimaka fiye da yadda ake tsammani. Rubutun da ke nuna Jamus ta Yamma ya tsare fitila tsakanin 1949 da 1990. Idan adireshin da ke kan takardar kamfanin Italiya yana ɗauke da lambar gidan waya mai alƙaluma biyar, to ba a buga takardar kafin 1967 ba, domin a shekarar Italiya ta fara tsarin. A Amurka kuwa 1963 ne. Tambarin CE na Tarayyar Turai ɗan shekarun 1990 ne, duk inda ya bayyana to ko fitilar sabuwa ce ko an sauya mata kayan ciki. Noti mai tsaga ɗaya a ka ya fi dacewa da fitilun Turai na shekarun 1950 fiye da mai tsagar gicciye, kuma waya mai rigar zare ko ta roba mai farfashewa ta girmi ta leda. Mayen ƙarfen nan kuwa aikinsa ɗaya: tagulla zalla ba ta kama shi, ƙarfen da aka yi wa wankan tagulla yana kamawa.

Sai a zo ga maƙeri. Wasu sun sauƙaƙa wa na baya aiki. Paavo Tynell na Finland, mai fitilun tagulla da aka huhhuda da ƙananan ramuka don haske ya riƙa tsiyayowa, yakan fitar da kayansa da hatimin kamfanin Taito a jikin ƙarfen, sau da yawa har da lambar samfuri. Bayan kamfanin Idman ya haɗiye Taito a 1953, hatimin ya koma na Idman, don haka hatimin kaɗai ya raba aikinsa gida biyu. Arredoluce na da takarda mai sunan Monza, Hans-Agne Jakobsson na Sweden na da mai sunan garin Markaryd, Venini na tsibirin Murano kuma yakan ƙona sunansa a jikin gilashi da ruwan asid, rubutu dishi-dishi da sai an karkata shi ga haske ake gani.

Labarin Serge Mouille na Faransa ya juya wannan ƙa'ida a bai-bai. Maƙerin azurfa ne ya koya tun yana yaro, kuma daga 1953 zuwa farkon shekarun 1960 ya ƙera baƙaƙen fitilun nan masu dogayen hannuwa kamar ƙafafun gizo-gizo, da hular alminiyam da gaɓoɓin tagulla, waɗanda shagon Steph Simon na Paris ya riƙa sayarwa. Yawancin na asalin ba su da sa hannu. Waɗanda iyalinsa suka sake fitarwa daga 1999 su ne masu lamba da takardar shaida. Wato a wajen Mouille, cikakken hatimi alamar ƙuruciya ce. Irin wannan ruɗani na tattare da fitilar bangon da Arne Jacobsen ya zana wa otal ɗin SAS Royal na Kopenhagen, wanda aka buɗe a 1960: har yau kamfanin Louis Poulsen na ƙera ta, saboda haka sunan kamfani gaskiya ne, shekarun ne abin tambaya.

Takardar da aka liƙa kuwa ita ce shaidar da ta fi saurin sayuwa. Zafin ƙwai kan ɓamɓare ta gaske, ɗan damfara kuma kan cire ta daga fitila mai araha ya manna wa wata, ko ya buga sabuwa ya shafe ta da ruwan shayi ta yi kamar ta tsufa. Mai lura yakan duba ko dattin da ke kewaye da takardar ya yi daidai da shekarunta, ko kuwa akwai tsohon fenti mai ƙura a ƙarƙashinta.

Alƙalin ƙarshe shi ne tsohon kundin kaya na kamfani da tallace-tallacen mujallu irin su Domus, wadda Gio Ponti ya kafa a 1928. A nan Gino Sarfatti, wanda ya kafa Arteluce a 1939 ya kuma sayar da shi ga kamfanin Flos a 1973, ya bar wa masu bincike gado mai daɗi. Fitilunsa sama da 600 lamba ya ba su maimakon suna, kuma lambar na nuna aji: na bango irin su 237 da 238 suna ƙasa-ƙasa, na tebur daga 500, na tsaye a ƙasa daga 1000, na rataye daga 2000. Mai bincike zai ɗauko tef ya gwada tsawon hannu da faɗin hula da yadda aka haɗa gaɓa, ya kwatanta da hoton kundi. Mai kwaikwayo kan dace da siffa, amma a gaɓa da kaurin ƙarfe asirinsa ke tonuwa, domin a nan ne yake tsimin kuɗi.

Gilashi ya fi komai taurin kai. Farantan gilashi masu kama da ƙanƙara da J.T. Kalmar na Vienna ya yi suna da su, kamfanonin Jamus irin su Kinkeldey da Hillebrand da Doria duk sun yi makamantansu, sannan wasu masana'antun sukan sayo gilashin daga wani wuri su ƙera ƙarfen a gida. Fitila ɗaya sai ta tashi da ƙasa biyu. Murano ma sunan tsibiri ne mai ɗauke da masana'antu da yawa, Venini da Barovier da Mazzega da Seguso da sauransu, ba sunan maƙeri ba.

Shi ya sa gidajen gwanjo masu mutunci suke auna kalmominsu. Idan sun rubuta cewa fitila ta wane ce, sun tsaya mata. Idan sun ce ana danganta ta da wane, akwai hujja amma ba ta cika ba. Idan kuwa sun ce irin salon wane ce, to sun wanke hannunsu, mai saye ya yi ta kansa. Mafi yawan fitilun da ke yawo a kasuwa bincikensu a ƙasa da zamani yake tsayawa, a ce 'yar Italiya ce ta wajen 1955, shi ke nan.

Abin takaici, mai gyara ya fi ɗan damfara ɓarnar shaida. Tsohuwar waya haɗari ce, dole a sauya ta kafin a jona fitila da wuta, amma mai gyaran lantarki kan zubar da tsohon mazauni da makunni a shara, mai goge-goge kuma ya bi tagulla da injin har hatimi ya shafe. Saboda haka dillalan da suka san ciwon abin sukan ɗauki hoton bayan fitila da cikinta kafin sukudireba ya taɓa ta, sannan su zuba tsofaffin notuna da mazaunin ƙwai da guntun waya a 'yar leda, su ɗaure ta a hannun fitilar ta bi ta duk gidan da za ta.