Ingilishi a Bakin Mawaƙan Abijan: Nazarin Surkin Harshe a Waƙoƙin Alpha Blondy da Takwarorinsa

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya saba da feɗe waƙa bisa tsarin Abdulƙadir Ɗangambo ko na Sa'idu Muhammad Gusau ya san cewa idan aka zo kan sarrafa harshe, akan tsaya a duba baƙin kalmomin da mawaƙi ya tsarma, a nemi dalilin tsarma su. A rubutattun waƙoƙin Hausa na ƙarni na 19 Larabci ne yake yin wannan aiki, kuma dalilin a fili yake, domin shi ne harshen addini da ilimi. Abin yakan yi wuyar bayani ne idan mawaƙi ya rera rabin waƙa, ko ma dukkanta, da harshen da bai tashi da shi ba, kuma yawancin masu sauraronsa na gida ba su jin sa. Amsar da aka fi bayarwa ita ce neman kasuwa. Ana kafa hujja da ƙungiyar ABBA ta ƙasar Suwidin, wadda ta ci gasar Eurovision a 1974 da waƙar Ingilishi, da kuma BTS ta Koriya ta Kudu da waƙarta "Dynamite" a 2020. Wannan takarda za ta duba birnin Abijan na ƙasar Kodebuwa, musamman unguwannin Treichville da Adjamé, domin a nuna cewa a can wannan amsa ba ta wadatar ba.

2.0 Muhallin Waƙoƙin

Faransanci ne harshen hukuma a Kodebuwa, Julanci kuwa shi ne harshen kasuwa da tasha. Treichville tana kudu da gadar Houphouët-Boigny, daf da tashar jiragen ruwa, kuma tun zamanin mulkin mallaka matattarar baƙi ce: mutanen Mali da Senegal da Ghana da Nijeriya da Nijar. Adjamé tana arewa da Plateau, nan ne babbar tashar mota da kasuwanni, kuma nan ne kaset ya riƙa fita zuwa ƙauyuka a shekarun 1980 da 1990. A unguwannin biyu akwai Hausawa 'yan kasuwa da mahauta. Har ma abincin nan na talakan birnin, wato acake da soyayyen kifi da ake kira garba, ana danganta sunansa da 'yan Nijar da suka yi fice wajen sayar da shi.

Ingilishi ba baƙo ba ne sarai a nan. Ghana tana gabas, Laberiya tana yamma. Shahararriyar kasuwar kayan lantarki ta Adjamé da sunan Ingilishi ake kiran ta, Black Market. Nushi, wato karin maganar samarin titi, ya ɗauki kalmar Ingilishi ta jin daɗi ya mayar da ita enjailler, har ta shiga ƙamusun Faransanci. To amma jin kalma ɗaya ko biyu daban, fahimtar baiti daban.

3.0 Rabon Aiki Tsakanin Harsuna Uku

An haifi Seydou Koné, wanda aka fi sani da Alpha Blondy, a Dimbokro a 1953. A shekarun 1970 ya tafi Monrovia, daga nan ya wuce New York, inda ya yi karatun Ingilishi a Hunter College da Jami'ar Columbia. Ke nan ba da ka ya koyi harshen ba. Duk da haka, da ya dawo gida, Roger Fulgence Kassy ya nuna shi a shirin talabijin na Première Chance, waƙar da ta ɗaga shi a faifan Jah Glory na 1982 ita ce "Brigadier Sabari", kuma da Julanci ya yi ta. Labarin samamen 'yan sanda ne da dukan da ya sha a hannunsu. Sunan waƙar kaɗai ya isa nazari: kalma ta farko muƙamin ɗan sanda ne da Faransanci, ta biyu roƙon afuwa ne da Julanci, daga tushen Larabci na sabr, wato haƙuri. Mai duka yana da harshen hukuma, mai shan duka yana da harshen kasuwa. Yaron mota a tashar Adjamé bai bukaci tafinta ba.

Idan aka bi faya-fayansa ɗaya bayan ɗaya, za a ga wani rabon aiki da kusan bai sauya ba. Kukan talaka da gargaɗi da zancen mutuwa, Julanci ne yake ɗaukar su. Faɗa da hukuma, Faransanci: "Armée française" a faifan Yitzhak Rabin na 1998, da "Journalistes en danger", wadda ya yi bayan kisan ɗan jaridar Burkina Faso Norbert Zongo a watan Disamba na 1998. Wannan ma ba abin mamaki ba ne, wanda ake so ya ji zagi da harshensa ake zagin sa. Ingilishi kuwa an bar masa manyan jigogi na duniya, kamar wariyar launin fata da zaman lafiya da haɗin kan addinai. Faifan Apartheid Is Nazism na 1985 ya nuna wannan ƙarara, domin a cikinsa akwai "Sebe Allah Y'e" da Julanci, akwai kuma "Come Back Jesus" da Ingilishi. Mawaƙi ɗaya, faifai ɗaya, amma da zai ambaci Allah sai ya koma harshen kakarsa da ta raine shi, da zai kira Annabi Isa sai ya ari harshen waje.

Wane Ingilishi ne kuma ya ara? Ba na Landan ba ne, ba kuma na azuzuwan Columbia ba. Na Kingston ne, da lafazinsa da kalmominsa irin su Jah da Babylon. A nan ne amsar kasuwa take gazawa. Ga saurayin Treichville na farkon shekarun 1980, harshen mai mulkin mallaka shi ne Faransanci, shi ne harshen jarrabawar da ta kayar da shi da ofishin da ya hana shi aiki. Ingilishi bai taɓa mulkin sa ba. Ta bakin James Brown da Bob Marley ya iso gare shi, saboda haka a kunnensa harshen baƙar fata ne mai tawaye. Wannan ya saɓa wa halin da Fela Anikulapo Kuti ya samu kansa a Legas, inda sai da ya karya Ingilishi ya koma Burokan kafin ya iya yaƙar hukuma da shi. Ɗalibin Kano ko Sakkwato ya kamata ya lura da wannan bambanci, domin abin da yake ɗauka a matsayin harshen Bature, ɗan'uwansa na Maraɗi ko na Abijan ba lallai haka yake ɗaukar sa ba.

Akwai kuma dalili na kiɗa. An gina rege a kan gajerun kalmomin Ingilishi masu rufaffiyar gaɓa da nauyin furuci, waɗanda suke faɗawa daidai kan bugun ganga. Julanci kamar Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma gaɓoɓinsa buɗaɗɗu ne, suna ƙarewa da wasali. Gwanintar Alpha Blondy ita ce ya nuna Julanci zai iya hawa wannan kiɗa ba tare da karinsa ya karye ba. Amma idan aka zo amshi, wurin da ake so dubban mutane su ɗauka tare, sau da yawa sai ya jefa jimlar Ingilishi gajera. A irin wannan wuri Ingilishin ya fi kusa da kayan kiɗa bisa ga magana. Masu amsawa ba ma'ana suke bi ba, amo suke bi.

4.0 Inda Abin Ya Yi Kyau da Inda Ya Kasa

Dole ne mai nazari ya faɗi gaskiya: baitocin Ingilishi na Alpha Blondy su ne mafi rauni a cikin ayyukansa. A Julanci yana da habaici, yana da ba'a, yana da labari mai mutane da wuri. A Ingilishi yakan tsaya ga take, irin wanda ake rubutawa a kyallen zanga-zanga. Sunan faifan 1985 misali ne. Daidaita wariyar launin fata da aƙidar Nazi magana ce mai ƙarfi, kuma a lokacin da Nelson Mandela yake kurkuku ta yi amfani, amma waƙar ba ta ƙara wani abu mai yawa a kan abin da sunanta ya riga ya faɗa ba. Faifan Jerusalem na 1986, wanda ya ɗauka a ɗakin Tuff Gong na Kingston tare da makaɗan Wailers, kiɗansa ya fi kalmominsa nisa, kuma abin da ya sa waƙar Jerusalem ɗin ta zauna a zukata shi ne jin Ibrananci a bakin ɗan gidan Musulmi, ba baitocin Ingilishin ba.

Togaciya ɗaya ita ce "Sweet Fanta Diallo" a faifan Revolution na 1987. A nan Ingilishin ya yi aiki, domin labarin mutum ɗaya ne, yarinya mai suna irin na gida da kuma asibitin masu taɓin hankali. Ƙarancin kalmomi da maimaici, waɗanda aibi ne a waƙar siyasa, a nan sun dace da ruɗewar mai magana.

Ismaël Isaac, wanda aka haifa a Treichville a 1966, ya bi hanya mafi tsantseni. Sunayen faya-fayansa irin su Taxi Jump da Treich Feeling da Black System na Ingilishi ne, amma da an saka faifan sai a ji harsunan Mande da Faransanci. Wato Ingilishin yana kan bango, kamar allon shago. Faifan da ya fitar da shi waje a 1990 ma sunansa Rahman.

Tiken Jah Fakoly, ɗan Odienné, ya gwada hanyoyi biyu masu karo da juna, kuma kwatanta su darasi ne. A 2007 ya ɗauki waƙar Sting ta Baturen Ingila a New York ya juya ta zuwa "Africain à Paris" da Faransanci. Waƙar asali ta mutum ce mai alfahari da baƙuntarsa, tasa kuwa ta ɗan ci-rani ce mai ɓoye wa mahaifiyarsa wahalar da yake sha. Karin na Sting ne, amma jigon ya zama nasa. A 2015 kuma ya fitar da Racines, inda ya sake rera tsofaffin waƙoƙin Jamaika da Ingilishinsu, aka saka musu kora da balafon da ngoni. Faifan yana da daɗi, sai dai kayan kiɗan ne suka kawo sabon abu. Muryar tana bin sawun masu waƙoƙin cikin ladabi, ba ta yi musu gardama ba.

Ko batun kasuwar ma, tarihin Abijan bai goyi bayansa sosai ba. Ƙungiyar Magic System ta unguwar Anoumabo ta fitar da "Premier Gaou" a 1999 da Faransancin titi da Nushi, labarin saurayin da budurwa ta guje shi don talauci, ta dawo da ya yi suna. Waƙar ta mamaye Afirka ta Yamma, ta kuma shiga sahun gaba a Faransa a 2002, babu baitin Ingilishi ko ɗaya. A 2014 suka yi "Magic in the Air" tare da Ahmed Chawki na Maroko, da amshi mai ɗauke da Ingilishi, har ta zama waƙar murnar cin ƙwallo ta 'yan wasan Faransa a gasar cin kofin duniya ta 2018. Ta biyun ta fi yawo a filayen wasa, wannan ba a musu. Amma ta farkon tana da labari da mutane da habaici, har kalmar gaou, wato bagidaje, ta bi ta zuwa bakin matasan Paris. Ta biyun kuwa, idan aka cire sunan ƙungiyar daga bangon faifan, da wuya mai sauraro ya gane daga wane gari ta fito.