Kundin Kammala Karatu da Hausar Yamma: Sharhi a kan Bincike da Isar da Sakamako

1. Gabatarwa

Tun daga shekarun 1970 da aka kafa Jami'ar Yamai, wadda aka raɗa wa sunan Abdu Mumuni a 1992, kundin kammala karatu shi ne aikin bincike na farko da ɗalibi ke yi da hannunsa. Tsarin karatu ya canza, metiriz ta ba lisansi da masta wuri, amma kundin yana nan. A wannan sharhi za mu duba irin kundayen da ake rubutawa a kan harshe da adabin baka na gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela a jihar Tawa. Ra'ayinmu shi ne kundi bai kammala ba sai an cika sharuɗɗa biyu: wani manazarci ya iya bin sawun misalansa, kuma mutanen da aka ɗauko maganar daga bakinsu su iya jin abin da aka gano.

2. Ma'aunin da muka riƙe

Wannan yanki ba baƙo ba ne ga masu bincike. A 1975 cibiyar IRSH ta Yamai ta buga littafin Djibo Hamani a kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa, da na Nicole Échard a kan tarihin manoman Adar. A 1991 aka buga a Balin littafin Bernard Caron mai suna Le haoussa de l'Ader, inda aka sanya wa misalai alamar karin sauti da tsawon wasali. Ba mu sa ran ɗalibi mai ƴan watanni da ɗan guzuri ya kamo waɗannan. Abin da ya kamata ya koya daga gare su shi ne ladabin aiki: faɗin inda aka samo kowace magana, da rubuta ta yadda aka faɗe ta.

3. Raunin bincike

Rauni na farko, kuma mafi barna, shi ne gyara wa mai magana bakinsa. Hausar wannan yanki ta yamma ce. Ana cewa hwara da tahi a inda daidaitacciyar Hausa ke da fara da tafi. Ana cewa zamna, sabka, amre a madadin zauna, sauka, aure. Biyat a madadin biyar. Ɗiya a madadin ƴa. Dirka na da ta ce, ba ne da ce ba. A shuɗaɗɗen lokaci na biyu kuwa ana jin munka, kunka, sunka, anka, da kuma yat tahi, tac ce. Ɗalibi yakan naɗi tsohuwa tana cewa "sunka tahi sunka zamna", ya zo ya rubuta "suka tafi suka zauna", yana ganin ya tsabtace aikinsa. Alhali abin da ya je nema shi ya goge. Wasu daga cikin siffofin nan, kamar zamna da amre, sun girmi na Kano, don haka suna cikin hujjojin da ake dogara da su wajen nazarin tarihin harshen.

Na biyu shi ne rashin alamar karin sauti da tsawon wasali. Taron Yamai na 1980 ya daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Nijeriya, kuma rubutun yau da kullum ba ya nuna waɗannan abubuwa. Hakan daidai ne ga jarida da littafin karatu. A kundin kimiyyar harshe kuwa, wanda ya rubuta gari bai gaya mana ko birni yake nufi ko garin tuwo ba. Kundi yana bukatar rubutu iri biyu, kowane da aikinsa.

Na uku shi ne sakaci da sunan wuri. Illela biyu ce: ta Adar a jihar Tawa, da ta jihar Sakkwato da ke fuskantar Ƙonni a bakin iyaka. Malbaza kuma sai a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta. Kafin nan ƙauyukanta, har da Galmi, ƙarƙashin Ƙonni ake lissafa su. Wanda ya rubuta "an ji a Ƙonni" bai ambaci ƙauye da shekara ba, da shekarun mai magana da sana'arsa, ya rufe wa na bayansa hanya.

4. Raunin isar da sakamako

Yawancin kundayen da Faransanci ake rubuta su, a kare su da Faransanci gaban malamai ƴan kaɗan, sannan a ajiye su a ɗakin karatu. Ko manyan littattafan da muka ambata ba su tsira daga wannan ba, domin mutumin Illela da ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci ba ya iya karanta tarihin garinsu a cikinsu.

Asarar tana kan masu tsara karatun manya da makarantu masu koyarwa da harshen gida, waɗanda aka fara gwadawa a Damagaram a 1973. Mai rubuta littafin karatu don manoman albasa na Galmi ko masu noman rani na Ƙonni yana bukatar kalmomin da suke amfani da su, irin su rudu, wato ɗakin ajiyar albasa. Yana kuma bukatar sanin inda mai koyo zai yi tuntuɓe idan ya ga f a takarda alhali hw yake furtawa. Sau da yawa amsar tana cikin kundin wani ɗalibi, a binne ƙarƙashin dogon babin ra'ayoyin masana da aka kwafo, an bar sakamakon kansa a shafuka kaɗan na ƙarshe.

Akwai masu cewa Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. Jami'o'in Kano, Zariya da Sakkwato sun daɗe suna karɓar kundaye da Hausa, kuma kalmomi irin su baƙi, wasali, gaɓa, ɗafi da lamiri sun zauna da gindinsu. Ɗalibin da ya kasa bayyana sakamakonsa da Hausa a shafi biyu, akwai alamar shi kansa bai gama fahimtarsa ba.

5. Kammalawa

Muna ba da shawara huɗu. A rubuta kowane misali a layi uku: yadda aka furta, yadda ƙa'idar rubutu ta tanada, da fassara. A ajiye naɗin murya tare da kundi, da yardar masu magana. A wajabta taƙaitawa da Hausa, ɗalibi ya gabatar da ita da baki ranar kare kundi, a ba shi maki a kanta. A ƙarshe, a aika kwafin taƙaitawar ga ofishin yaƙi da jahilci na gundumar da aka yi binciken, a karanta wa waɗanda suka ba da lokacinsu, domin su ne suka fi kowa iya gano kuskure.

A 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Littattafan karatu da ƙamusoshin da wannan matsayi ke bukata ba za su samu ba sai da bayanai ingantattu daga kowane karin harshe, kuma ɗalibai ne suka fi kowa yawan shiga ƙauyuka da na'urar naɗi. Nauyin koya musu wannan aiki yana wuyan malaman da ke duba kundayensu.