Shaihu Umar: Daga Takarda Zuwa Majigi

Tun ina firamare a Zagga na karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934. Fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 kuwa sai da na girma na gani, kuma ban tashi da gamsuwa ba.

A littafin, Umar ne ke ba ɗalibansa labari a Rauta da bakinsa. To ina ya ga wahalar da uwarsa ta sha a hanyar Tarabulus, alhali yana hannun Abdulkarim? Ji ya yi. A nan majigi ya fi alƙalami, domin ya kai mu wurin mun gani da idonmu.

Amma kunne ya yi asara. Ƙarfin littafin shi ne muryar dattijo mai faɗin sata da bauta a natse, bai zagi kowa ba. Mai karatu ne ke yin fushin a madadinsa. Da hoto ya karɓi labarin, sai muryar nan ta koma gefe. Ga tsawo kuma: ɗan siririn littafi ya zama fiye da awa 2.

Malamanmu masu sa ɗalibai kallo maimakon karatu, ku sake shawara.