Kiɗan da Ba Baiti: Tarken Faifan Brother Jack McDuff Live!

A Jere na fara jin wannan faifai, a garmahon wani dattijo da ya yi aikin reluwe a Kafanchan. An ɗauke shi ranar 5 ga Yuni, 1963, a gidan rawa na Front Room da ke Newark, Amurka, kamfanin Prestige ya fitar da shi. McDuff ne a kan ogan ɗin Hammond, Red Holloway yana busa saksofon mai kaurin murya, Joe Dukes a kan ganguna, sai George Benson, ɗan shekara 20 a lokacin, riƙe da jita.

Abin da ya sa na kawo shi wannan mujalla shi ne, ya tona wani rauni namu na manazarta. Mun saba rubuta waƙar marigayi Shata a takarda, mu fitar da jigo da salo, mu bar kalangu da 'yan amshi a waje. To, ga faifan da ba baitin da za a rubuta. Me ɗalibi zai feɗe?

A saurari "Rock Candy". Holloway ya yi jagora, ogan ya karɓa masa kamar ɗan amshi, can sai su yi musanyar matsayi. Babu mai kiɗa jitar bas a ƙungiyar; McDuff ne ke riƙe da gindin kiɗan, hannunsa na dama kuma yana zuba kwalliya. Ba mamaki, domin da bas ya fara sana'a. Jama'ar da ke wurin su ne amshi na uku: shewarsu na ƙara wa mai busa ƙaimi. Wanda ya taɓa zama a majami'ar Kafanchan ranar Lahadi ba zai ji baƙunci ba, musamman a "Sanctified Samba", don a majami'un baƙar fatar Amurka wannan salo ya sha nono.

Faifan bai rasa aibi ba. "Whistle While You Work", wadda aka aro daga fim ɗin Disney na 1937, raha ce da ta dace da masu rawa a daren, amma a garmaho ba ta jure maimaici. Benson ma, a ganina, gudun yatsunsa ya fi abin da yake faɗa yawa. Holloway ne ya san inda ake yin shiru a bar wa jama'a fili.